Maganar da Matar Yaya Ta Faɗa Cikin Wasa

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da Yaya, kuma ya girme ni da shekara takwas. Da mahaifinmu ya rasu shi ya tsaya a kan gonar gado a Mairuwa, ni kuma ya tura ni makaranta, har na zama malamin firamare a Ƙanƙara. Duk bayan sati biyu ko uku nakan hau babur in je in gaishe shi. Tun da hanyoyinmu suka lalace ba na bari la'asar ta same ni a can. Sai in yi sammako, in ci abincin rana, in juyo da abin da aka ɗaure mini a bayan babur, masara ko busasshiyar kuɓewa.

Yaya ba mai magana ba ne. Hirarmu ba ta wuce ya gida, ya yara, ya aiki, sai kuma zancen taki da ruwan sama. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in kuwa na shigo yana cin abinci sai in koma zaure in jira. Ba tsoronsa nake ji ba, kunya ce irin wadda ake yi wa uba, don shi ya zame mini uban.

Duk surutun da ba na yi da shi, da matarsa nake yi. 'Yar Damari ce ta ƙasar Sabuwa, an kawo ta gidanmu tun gemu bai fito mini ba, kuma tun ranar ta raɗa mini suna ƙaramin miji. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta, to namu ya fi na kowa yaji. Ta ce da ni malamin da alli ya cinye wa yatsu, ni in ce da ita tsohuwar da ba ta san hanyar gishiri ba. Shekara kusan talatin ban taɓa shiga gidan nan na fito ba ta tsokane ni ba, kuma ban taɓa ɗaukar ko kalma ɗaya ta bakinta da nauyi ba.

Wata Asabar a farkon damina, lokacin huɗa, na je na tarar da Yaya a gida da hantsi, abin da ba ya yi. Muna cikin gaisawa ya ce in yi masa haƙuri, ya ɗauki buta. Ya dawo, muka ɗan taɓa zancen tsadar taki, ya sake ɗaukar buta. Ni kuwa na matsa gindin bishiyar bedi inda matarsa take dama fura.

Ta ce, "Ƙaramin miji, ka zo a sa'a. Ka fara ɗinkin babbar riga, yayanka ya kusa bar maka gidanga."

Na ce, "Allah ya kiyashe ni da gadon tsohuwa. Ina zai tafi?"

"Ai ya tare a makewayi. Can shike wuni yanzu, sai dai in riƙa kai mashi tuwo can."

Na yi dariya. Ta miƙo mini kwanon fura, na kafa kai, sai ta ƙara da cewa, "Kuma ka ga ikon Allah, ni baƙon wata ya daina zo mani, ashe wurin yayanka ya koma."

Saura kaɗan furar ta shaƙe ni. Na yi ta tari ina dariya, na ce mata wallahi rashin kunyarta ya kai a kira mai unguwa. Ita ma ta yi dariya. Na gane sarai jini take nufi, amma kafin in gama goge bakina na riga na sa wa abin suna. Na ce, "Basir ne, ki rage masa yaji." Na ci tuwona, na hau babur na koma.

A wurinmu duk abin da ya samu mutum daga cibiya zuwa ƙasa basir ne. Ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, jini kuwa ba a ma tsayawa tambaya. Kalma ce mai daɗin faɗa don ba ta da kunya kuma ba ta da ban tsoro, kowa yana da nasa, har ana yi wa juna ba'a da shi a majalisa. Ni da nake ganin kaina ɗan boko na sha tsayawa ranar kasuwa ina tsaki a kan masu motar lasifika da ke jera cututtuka arba'in a kan kwalba ɗaya. Amma a zuwana na gaba har da kwalbarsu guda a cikin jakata. Na miƙa wa matar Yaya na ce ga tsarabar angonta.

Ba ni kaɗai ba. Kawunta ya aiko da sassaƙe daga Damari. Wani dattijo Bamaguje a Pauwa, wanda ya koma Kirista amma har limamai ke zuwa wurinsa neman saiwa, shi ma ya bayar da nasa. Yaya ya daina shan sukari a koko, ya daina rake, ya daina yaji, ya riƙa zama a ruwan bagaruwa. Duk wanda ya ba da magani da zuciya ɗaya ya bayar. Babu dai wanda ya ce a je a duba, kuma ni ne ya kamata in faɗa.

Damina ta yi nisa, masara ta fara bushewa. Na je wata rana, matar Yaya tana shanya, ta ɗago wani wandonsa ta nuna mini.

"Ka ga zariyar yayanka? Ta yi mashi tsawo, zan yanke rabi in ɗaure akuya."

Na ce, "Ke ce ba ki ba shi abinci. Ki faɗi gaskiya, wa kike kai wa tuwon?"

"Tuwo kau sai shi sa hannu sau biyu shi ture. Yau zawo, gobe kuma shi yi ta nishi kamar mai naƙuda ba abin da ke hita. In ya hita ma ɗan siriri. Ka ce kai malami ne, to mi ke nan a littahinku?"

Na ce a littafinmu sunansa sharrin girkin 'yan Sabuwa. Wannan karon ba ta yi dariya sosai ba, ta juya ta ci gaba da shanyarta. Na lura, amma na ɗauka ba'ar ce ta yi mata zafi, har ina jin daɗi wai yau na ci ta da ɗaya.

Ranar da idona ya buɗe wata Juma'a ce da kaka, an ba mu hutu na je da wuri. A masallaci na tsaya a sahun da ke bayan Yaya. Da aka ta da salla na ɗaga ido sai na ga ƙeyarsa. Wuyan da na sani cike da kwalar riga ya koma wasu jijiyoyi guda biyu da rami a tsakani, hular ma ta sauko masa har kunne. Da aka ɗago daga sujada sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu, raka'a ta biyu kuma a zaune ya yi ta. Mutumin da ke ɗora buhun masara a kafaɗa shi kaɗai. Ban san abin da liman ya karanta ba.

Da muka koma gida ya ɗauki buta. Yana fitowa na ɗauki wata na shiga bayansa, ba don ina jin komai ba. Ya kora ruwa, amma bai tafi duka ba. A bakin ramin na ga abin. Ba jan jini ba ne irin na wanda ya yanke, baƙi-baƙi ne, haɗe da wani abu mai yauƙi kamar majina. Na tsaya riƙe da buta. Ban san sunan abin da nake kallo ba, amma na san ba na yaji ba ne, na kuma tuna tun huɗa ake gaya mini.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma in na tsorata fushin ya fi zuwa. Na nufi madafa kai tsaye, na tsaya a kan matar Yaya tana tuƙa tuwo.

"Tun yaushe yake zubar da jini haka?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun bara, wajen azumi."

"Tun bara! Kina kallo mutum yana ƙarewa kika yi shiru? Don me ba ki faɗa ba?"

Sai ta ajiye muciya. Tunda nake da ita ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Sau nawa na hwaɗa maka? Ƙirga. Da wane baki kake son in hwaɗa? Ni in tsaya gaban ƙanen mijina in ce mashi ga abin da nike gani a wandon yayanshi in na zo wanki? Shi ya hana ni gaya ma kowa, har rantsuwa ya sa na yi. Na duba duk gidanga ban ga wanda zan iya ma maganar ba sai kai, kuma ba ni da hanyar da zan yi maka ita sai wadda muka saba. Na hwaɗa maka, kai kau ka yi ta dariya har kana ƙwarewa."

Tuwon ya fara kamawa, ta ɗauki muciya ta ci gaba da tuƙi tana share ido da gefen zane. Na so in ba ta haƙuri, amma ban san yadda ake yi mata maganar da ba wasa ba, sai kawai na fita.

Yanzu kuma saura Yaya. Na zauna nesa da tabarmarsa kamar kullum, na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na ce ina ganin ya kamata mu je a auna jininsa, don na ga ya yi fari. Kalmar bayan gida ta ƙi fita daga bakina.

Ya ce, "Basir ne, ya ɗan motsa. Bari a kai amfani gida tukuna."

Na ce to. Aka kai masara gida, ya ce saura dawa. Aka yanke dawa, ya ce saura sussuka. Sati shida ina zuwa ina komawa, kullum in na doso garin sai in duba ko akwai taro a ƙofar gida. A aji sai in tsaya da alli a hannu in manta abin da nake rubutawa. Rannan dai na kasa daurewa, na ɗaga masa murya, karo na farko a rayuwata. Na ce in bai tashi mun tafi ba zan je in tara dattawan unguwa in gaya musu komai da bakina. Ya dube ni, sannan ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

A wani asibiti a Funtuwa muka ga likita, matashi ne, bai kai ni ba. Da ya fara tambaya na miƙe zan fita, ya ce in zauna, yana son wanda zai tuna abin da aka faɗa. Ya tambayi launin jinin, ya tambaya ko a haɗe yake da bayan gida ko daga baya yake ɗiga, ko yana jin kamar bai gama ba in ya tashi, ko cikin yana murɗawa, ko ya rame. Yaya yana amsawa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango. Duk abin da likita ya tambaya amsarsa e ce. Aka ja labule aka duba shi, aka ɗebi jini. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ce ba zai sa wa ciwon suna ba sai an gani da ido, don haka zai tura mu babban asibiti a birni, inda ake zura wata siririyar roba mai kyamara a duba cikin babban hanji.

Yaya ya ɗago ya ce, "Ta ina?"

Likita ya gaya masa. Da muka fito bakin titi Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ka ji ni da kyau. Da girmana, da 'ya'yana da jikoki, ba mai yi mani wanga abu. In kwana ya ƙare shi ƙare da mutuncina."

Na roƙe shi, na yi fushi, na turo masa limamin unguwarsu, ya ce ya ji, zai yi shawara. Wata biyu aka yi ana shawara. Wata safiya ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, matar Yaya ce. Ba ta ce ƙaramin miji ba. Ta ce, "Malam, ka zo. Kwana uku ba abin da ya hita, ko iska. Cikin ya kumbura, shina ta amai."

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba. Muka ɗauki shatar mota, Yaya a kwance a baya kansa a cinyata, mutumin da ban taɓa zama tabarmarsa ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya damƙe hannuna. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ina rasa ƙarshenta. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, har da ranar da muka kwana a gona saboda harbe-harbe.

A babban asibiti suka ce hanjin ya toshe, sai an yi aiki a ranar. Muka zauna a baranda ni da matar Yaya, tsakaninmu da tazarar mutum biyu, tun daga azahar har bayan la'asar. Da aka fito da shi, babban likitan, wani mai furfura a gemu, ya kira ni ofishinsa. Ya ce ciwon daji ne na babban hanji. Sun yanke inda ya toshe, sun fitar masa da hanya ta gefen ciki, inda za a riƙa manna masa leda. Amma ciwon ya riga ya kai hanta. Za a ba shi magani don a rage masa gudu, ba don a raba shi da shi ba.

Na ce, "Likita, mu duk mun ɗauka basir ne."

Ya ce, "Malam, basir gaskiya ne, yana sa jini, wataƙila ma yana da shi. Amma ba a gida ake yanke wa jini hukunci ba. Wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yanayin fitarsa ya canja ya ƙi komawa daidai har makonni, ko yana ramewa ba dalili, ko yawan gajiya da ciwon ciki, a zo a duba. In basir ne mu ce basir ne, kowa ya huta." Sai ya dube ni da kyau. "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke?"

Na ce e.

"Shekararka nawa?"

Na ce arba'in da bakwai.

"To kai ma sai an duba ka. Ko ba wanda ya yi ciwon a gidanku shekarunka sun kai a fara dubawa, balle ga ɗan'uwanka na jini."

Na ce ni lafiyata ƙalau, ba na ganin komai. Ya ce ai shi ya sa yake son ya duba yanzu, tun ba a ganin komai. Ya rubuta takarda ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na gode, na ninke ta na sa a aljihun wata rigar da ba na sawa, na rataye.

Daga ranar ban ƙara shiga bayan gida na fito ban waiwaya ba. In na ci gwanda ko zoɓo ya canja launin abin, sai gumi ya karyo mini. Kullum da safe sai na auna zariyar wandona da yatsu. Cikina ya yi ƙugi a aji, in tsaya cak ina saurare. Maiɗakina ta gaji da tambayar me ke damuna. Ga takarda a rataye da za ta raba ni da wannan duka, amma na kasa. Na zagi Yaya a zuciyata a kan taurin kai, ashe irin kanmu ɗaya. Ina jin kunyar robar, amma abin da ya fi kunyar shi ne tsoron a duba a ce akwai.

Yaya ya dawo gida ya yi rani. Abin da ya fi damunsa ba ciwon ba ne, alwala ce, sai da wani malami ya zaunar da shi ya nuna masa cewa mai lalura irin tasa sallarsa ta yi. Matarsa ta koyi canja ledar, ta riƙa yi da hannunta ba ta bari kowa ya gani. Ni da ita muka koma gaisuwa irin ta surukai. Da ruwa ya sauka ya sa aka fitar masa da kujera bakin gona, ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna huɗa, yana nuna musu da sanda inda kunya ta karkace. Idonsa ya fara yin ɗorawa, ƙafafunsa suka kumbura.

Wata ranar Lahadi na same shi a kwance a ɗaki. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce in matso. Na matsa. Ya ce in ƙara matsowa, har na zauna a bakin katifarsa.

Ya ce, "Likitan nan ya ce mani ya ba ka takarda. An duba ka?"

Wannan ne karo na farko da Yaya ya fara yi mini magana a kan abin da ya shafi jiki. Na dubi yadda ya koma, na ga yadda yake jiran amsar, sai na ji bakina ya ce, "An duba, Yaya. Sun ce lafiya lau."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi. To na ji daɗi. Ka ga ni wauta na yi. Ko ɗaya cikinmu shi tsaya ma yaran nan."

Kwana tara bayan haka ya rasu, da hantsi, aka kai shi kafin azahar. Ina cikin masu saka shi a kabari, kuma abin da ke yawo a kaina ba addu'a ba ce, ƙaryar da na yi masa ce. Ya tafi yana ganin ya bar yaransa a hannun mai lafiya, ni kuwa ban san abin da ke cikina ba.

Bayan sadakar arba'in na ciro takardar, duk ta yi laushi a aljihu. Aka ba ni rana. Kwana ɗaya kafin nan aka hana ni tuwo da duk wani abu mai nauyi, sai ruwa da romo tsararo, aka ba ni wani magani mai ɗanɗanon gishiri na sha kofi bayan kofi, na wuni ina zarya da buta a gidan wani abokina da na sauka. Da safe aka ba ni wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka ce in kwanta ta gefen hagu in naɗe gwiwa. Haƙorana suna haɗuwa, ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko sanyi nake ji, na ce e, alhali gumi nake yi. Aka yi mini allura a hannu. Ina cikin kalmar shahada ban san inda na tsaya ba.

Da na farka na ji cikina da iska, ban da wannan ba wani ciwo. Abin da Yaya ya ƙi, abin da ni ma na yi wata da watanni ina gudu, ashe bai kai tsawon darasi ɗaya ba. Likitan nan mai furfura ya zo ya zauna kusa da gadon, riƙe da 'yar kwalba mai ruwa a ciki. Ya ce sun ga ɗan tsiro guda a bangon hanjina, sun cire shi nan take. Za a kai shi a auna, kuma ko me awon ya nuna zan riƙa dawowa ana dubawa lokaci-lokaci. Bayan sati uku awon ya fito, aka ce bai zama ciwon daji ba, amma irin wanda kan zama ne in an bar shi. A ranar dai ban san wannan ba tukuna. Na ce ya ba ni in gani.

Ya miƙo mini kwalbar. Wani ɗan nama ne ja-ja yana lilo a cikin ruwan, bai kai ƙwayar wake ba. Na juya kwalbar na sake juyawa.

Na ce, "Likita, na Yaya ma haka ya fara?"

Ya ce, "Galibi haka yake farawa. Yakan yi shekaru a haka, ba ciwo, ba jini, mutum yana nomansa."

"Da an gan shi a lokacin fa?"

Ya dube ni kamar yana auna ko zan iya ɗauka. Sannan ya ce, "Rai na Allah ne, Malam. Amma da abin da na yi maka yau shi zan yi masa. Jibi ya koma gona."

Ya dafa kafaɗata ya tashi ya tafi wurin wani majinyacin. Ma'aikaciyar ta zo karɓar kwalbar don a rubuta mata lamba. Sai da ta ce "Baba, kawo" sau biyu, sannan ta sa hannu a hankali ta buɗe yatsuna ta zare ta.